Dalilin da Ya Sa Ake Danne Awara da Dutse

Dalilin da ya sa kuke ganin masu awara suna ɗaure ta a ƙyalle su aza mata dutse, yara, tsoro ne ya fara kawo shi.

A da can, ba wanda yake cin waken suya. A dafa shi tun safe har rana ta karkata, yana nan da taurinsa, don haka dabbobi ake ba wa. Sai wata shekara ciwo ya faɗa wa shanu, nono ya ɓace a kasuwa, nama kuwa sai labari.

A garin akwai wata mai koko, Tasalla, da ɗanta Barau da aka yaye. Yaron ya ƙi cin komai. Gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura, ko kukan kirki ba ya iyawa.

Tasalla ba ta san wata sana'a ba sai ta kamu. Sai ta yi wa waken yadda take yi wa gero: ta jiƙa, ta markaɗa, ta tace. Ga mamakinta, ruwan ya fito fari fat kamar madara. Ta ɗora a wuta ta je ɗebo itace.

Tukunya ta taso za ta zube. Surukarta, Inna Yalwa, wadda idonta ya yi rauni, ta lalubo ƙwarya ta watsa ruwa a ciki don kumfar ta kwanta. Ashe ruwan tsamin kamu ne.

Tasalla ta dawo ta leƙa, ta saki itacen. Madarar ta tsinke, ta dunƙule curi-curi.

"Innalillahi! Inna, me kika zuba?"

"Ruwa mana, 'yar nan."

"Wane ruwa yake mayar da madara haka? Wallahi wannan ya zama guba!"

Ta juye shi a ƙyalle, ta ɗaure tam, ta aza masa dutsen niƙa don kada kaji su tona kafin ta kai shi jeji. Ta shiga ɗaki tana kuka.

Da ta fito, sai ta ga Barau ya rarrafa gindin dutsen. Ruwan ya tsane, abin ya daskare, yaron ya zura yatsa ta bakin ƙyallen yana gutsura yana turawa a baki.

Ta ƙwalla ihu: "Inna, ya ci! Ya ci!"

Tsohuwar ta lallaɓo, ta gutsuri babba ta tauna.

"Ni na zuba. In kisa zai yi, ya fara da ni kafin maigidana," in ji ta, don haka take kiran jikanta.

Suka zauna suna kallon juna, suna jiran mutuwa. Ba ta zo ba. Barau dai ya miƙa hannu yana neman ƙari. Can Inna ta lashe baki ta ce, "Gubar taki ba gishiri."

Kullum Tasalla ta riƙa yi masa, ba ta canja komai ba, har dutsen, don ba ta san wanne ne ya kawo sa'ar ba. Kumburi ya sace, gashi ya yi baƙi, Barau ya miƙe da gudu. A nan mutane suka gane waken nan yana gina jiki kamar nama.

Shi ya sa har yau, duk mai awara sai ta zuba ruwan tsami da gangan, ta ɗaure a ƙyalle, ta aza dutse, ko da babu kaza ko ɗaya a gidan.