Sawun Jinin Farar Barewa

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun aljanu suna cin kasuwa ɗaya da mutane, an yi wani ƙasaitaccen sarki a birnin Dazara mai suna Marwanu ɗan Hashimu, wanda Allah ya hore wa dawakai da dakaru da ƙasa mai albarka, amma bai ba shi haihuwa ba sai 'ya guda, Gimbiya Lubabatu. Bayan 'yar nan, ba abin da yake so kamar farauta. Sai dai yana da wata ɗabi'a: in ya harbi dabba ta gudu da kibiya, ba ya bin ta, yakan ce abin da ya tsere wa sarki rabon kura ne.

Wata safiya ya fita da jama'arsa gefen dajin Gazama, ya hangi wata farar barewa tana kiwo ita kaɗai. Ya zaro kibiyar da wani boka ya tsuma masa, ya sakar mata, ta kafe ƙarƙashin kafaɗarta ta hagu. Barewa ta faɗi, ta tashi, ta nutsa cikin daji. Sarki ya juya linzami ya nufi gida.

Tun daga ƙofar fada ya ji kururuwa. Ya iske Lubabatu kwance, jini na tsatstsafowa ƙarƙashin kafaɗarta ta hagu, alhali babu ƙarfen da ya taɓa ta. Ana cikin wannan ruɗani sai ƙasa ta tsage a tsakiyar zaure, wata doguwar tsohuwa mai jajayen idanu ta fito.

Ta ce, "Ya kai Marwanu, ni ce sarauniyar aljanun Gazama, barewar da ka harba kuwa 'yata ce. Tsafin da ke jikin kibiyarka ya ɓoye ta daga idanunmu, mun nema mun rasa. Don haka na ɗaure ran 'yarka da nata. Abin da ta ji, taka za ta ji. In rana ta faɗi kibiyar tana jikinta, gida biyu za a yi makoki."

Nan take Sarkin Baka Kurungu, shugaban maharba, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce a ba shi mahaya arba'in da manyan karnukan sarki goma sha biyu, shi zai kawo ta.

A can bakin ƙofa, inda ake ajiye takalma, akwai wani mutum durƙushe ana kiransa Jatau. Shi ne mai kula da karnukan sarki, kuma saboda wannan sana'a fadawa ba sa haɗa tabarma da shi. Bai taɓa buɗe baki a gaban sarki ba, amma ranar sai ya ji maganar ta fi ƙarfin cikinsa.

Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni na yi renon karnukan nan, na san halinsu. Kora da yaga aka koya musu. Dabbar da ta ji rauni, in an bar ta, kwanciya take yi. In an kore ta, gudu za ta yi har jininta ya ƙare. A bar ni in tafi da karyata guda ɗaya a igiya."

Kurungu ya yi tsaki ya ce, "Ranka ya daɗe, tsohuwar karya yake nufi, wadda ko zomo ba ta iya kamawa."

Sarki, da yake hankalinsa ya rabu biyu, ya ce kowa ya bi hanyarsa.

Karyar nan sunanta Shiru, domin ba ta haushi sai ta ga abin da take nema. Jatau ya ɗaura mata doguwar igiyar fata, suka kama hanya a ƙasa. Kafin su isa inda aka yi harbin, dawakan Kurungu sun riga sun tattake wurin sun wuce. Jatau ya durƙusa yana ɗaga ciyawa ɗaya bayan ɗaya har ya sami wani ganye da farin gashi ya manne a kai. Jinin ja ne mai duhu, babu kumfa. Ya yi ajiyar zuciya, domin da kibiyar ta taɓa huhu, da jinin ya yi kumfa.

Ya miƙa wa Shiru ganyen. Ta sansana, ta sunkuyar da kai, ta kewaya wurin sau uku, sannan igiya ta miƙe ta nufi arewa, alhali mahaya gabas suka bi.

Suka yi ta tafiya, ɗigo nan, ɗigo can, wani a kan dutse, wani a jikin kara daidai gwiwar mutum. Da rana ta take tsaka suka iske makwancin barewar ƙarƙashin wata tsamiya, ciyawa ta kwanta, jini ya taru bai bushe ba. Haushin karnuka daga nesa ne ya tashe ta. Jatau ya san a daidai lokacin nan akwai wata can a fada da ta zabura ita ma.

Sawun ya kai su bakin wani rafi, ya ɓace. Shiru ta bi gaɓa sama, ta dawo, ta bi ƙasa, ta dawo, tana huci. Jatau ya dubi inuwarsa, ya ga ta fara tsawo. Zuciyarsa ta ce ya ja ta su haye kawai, amma ya danne, ya sassauta igiya ya ce, "Ke kika san hanya, ba ni ba." Can sai ta tsaya gaban wani reshe da ya sunkuyo kan ruwa. A bayan ganyensa akwai jini. Barewa ba ta haye ba, cikin ruwan ta bi ta fita ta gefen da ta shiga.

Da suka shiga kurmi sai dajin ya cika da fararen barewa, sun fi ɗari, kowacce da kibiya a kafaɗa, kowacce tana ɗingishi ta nufi wata kusurwa. Sihirin 'yar aljanu ne, ta watsa shi don tsoro. Jatau ya ji karnukan Kurungu sun rarrabu suna bin su. Shi kansa idonsa ya ruɗe, wata ta gifta kusa da shi har ya kai hannu. Shiru kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ratsa tsakiyarsu hancinta a ƙasa.

La'asar ta yi sanyi sa'ad da ta tsaya gaban wata sarƙaƙiya, ta yi haushi sau ɗaya. Jatau ya kutsa ƙaya na yagar fatarsa, ya iske barewa kwance, numfashinta sama-sama. Ya ce, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah, ba cutar da ke na zo yi ba." Ya duba kibiyar, ya ga mai kunnuwa biyu ce, in an fizge ta za ta yago tsoka. Dole a tsaga a hankali. Ya zaro wuƙa, ya yi bisimilla.

Bai kai rabi ba ya ji karnukan Kurungu sun nufo shi. Sihirin ya ƙare da ƙarfin mai shi, haushin Shiru kuwa ya nuna wa manyan karnukan hanya. Sarƙaƙiyar kafar shiga ɗaya gare ta, Shiru ta je ta tsaya a bakinta.

Jatau ya daka musu tsawa, yana kiran kowanne da sunansa, amma warin jini ya toshe musu kunne. Yana jin yadda suka far wa Shiru, yana jin muryarta tana canjawa. Taku huɗu ne tsakaninsu. In ya saki wuƙar, jijiyar da ya danne da yatsa za ta ɓalle. Bai juya ba. Hawaye na zuba kan farin gashin, ya kuɓutar da kunne ɗaya, ya kuɓutar da na biyu, ya zaro kibiyar ya jefar, ya toshe raunin da yagaggiyar rigarsa.

Kibiyar na taɓa ƙasa, guguwa ta taso ta yi jifa da karnukan, dawakan Kurungu da suka iso suka zubar da mahayansu. Sarauniyar aljanu ta bayyana ta rungumi barewa, wadda ta rikiɗe ta zama budurwa. Ta ce wa Jatau ya roƙi abin da yake so.

Ya ɗauko Shiru, ya shimfiɗe ta a gabanta, ya ce, "Wannan."

Sarauniya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ya kai ɗan Adam, dukiyar ƙarƙashin ƙasa tana hannunmu, amma rai ba ya hannunmu."

Ya saɓa gawar Shiru a wuya ya koma birni. A gaban sarki, Kurungu ya fara cewa shi ya gano wurin, sai aka ji murya daga bayan labule. Lubabatu ce, ta tashi zaune.

Ta ce, "Ya mahaifina, da idon barewar nan na ga komai. Na ga mutumin da ake yaga abin ƙaunarsa a bayansa bai ɗaga hannunsa daga kaina ba. In za a aurar da ni, shi nake so."

Sarki ya tuɓe Kurungu, ya yi doka cewa duk wanda ya harbi dabba sai ya bi ta da kare har ya same ta. Ya kuma ba da umarni a kashe karnukan goma sha biyu, amma Jatau ya roƙa a bar su, ya ce abin da aka koya musu suka yi, kuma shi ya koya musu.

Aka ɗaura aure bayan raunin gimbiya ya warke, aka yi kwana bakwai ana shagali, mutane da aljanu. A rana ta takwas Jatau ya tuɓe alkyabbar angonci, ya ɗaura igiya a wuyan mafi ƙanƙanta cikin karnukan nan, ya fara koya masa tafiya a hankali.

Nan labarin ya tuƙe, kamar yadda maharban Dazara suka ba da shi.