Ramin da Gama-da-wuri Ya Rufe

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a cikin masu haƙar farar ƙasa, irin wadda masu masana'anta ke saye tifa-tifa. Yana da katafila guda da direbanta, da ma'aikata kamar goma. Abokan sana'a suna kiransa Gama-da-wuri, domin kafin wasu su kai rabin aiki shi ya kwashe kayansa ya yi gaba. Yana jin daɗin sunan nan ƙwarai. Sahun farko kuma ba ya wuce shi a masallaci, wannan kam ba za mu ci haƙƙinsa ba.

To, hukumar garinsu ta kafa wa masu haƙa doka. Kafin ka fara, sai ka kankare baƙar ƙasar sama, wadda shuka ke ci, ka tara ta gefe. In ka gama kwasar abin da kake nema, ka janye ruwan da ya taru a ramin da inji, sannan ka cike shi hawa-hawa. A zuba ƙasa, katafila ta bi ta kai ta danne, a sake zubawa, a sake dannewa, har a zo daidai da bakin rami. Daga nan a mayar da baƙar ƙasa a shuka ciyawa, ma'aikacin hukuma ya zo ya duba ya sa hannu a takarda. Ina zalunci a nan? Ko a gida, wanda ya zubar ai shi ake sa wa ya share.

Amma dannewa tana shan mai, tana kuma cin kwanaki, mutuminku kuwa wani sabon wuri yake hange. Ya san ma'aikacin da ke zuwa dubawa, dattijo ne mai gaskiya, ko ruwa ba ya sha a wurin aiki. Sai dai yana fama da ciwon gwiwa. Inda motarsa ta tsaya, nan yake sa a tona masa ramukan gwaji uku, ba ya iya takawa zuwa tsakiyar fili.

Sai Gama-da-wuri ya sa aka danne gefen hanya ya yi tauri kamar daɓe. Tsakiya kuwa, inda ramin ya fi zurfi, ya ce a tura kututturan itatuwa da ɓaraguzai da duk tarkacen da ke wurin, a kan ruwan da ba a janye ba.

Direban ya kashe inji ya ce, "Maigida, ruwan tsakiya fa bai fita ba. Kututturan nan kuma in suka ruɓe, ƙasa za ta zauna."

Ya ce, "Kai dai tura. Wa zai yi gini a wannan daji? Awaki ne za su yi kiwo, akuya kuma nawa nauyinta yake?"

Aka tura, aka shimfiɗa baƙar ƙasa, ciyawa ta fito kore shar. Dattijo ya zo, aka tona masa ramukansa uku, ya yaba, ya sa hannu.

Shekara shida ta wuce. Gari ya bunƙasa ya cim ma dajin, aka yanka wurin filaye. Rannan babbar 'yar Gama-da-wuri ta zo gida da mijinta, wani tela, bakinta har kunne. Ta ce, "Baba, mun sayi fili! Da aka nuna mana takardar muka ga kai ka cike wurin, ko dubawa ba mu tsaya yi ba."

Ya tambayi lambar filin. Tsakiyar ramin ne.

Ya 'yan uwa, me za ku yi a nan? In ya yi magana, za a ƙwace takardar izininsa, a kai shi gaban alƙali, kowa ya san abin da ya binne. In ya yi shiru, 'yarsa da jikokinsa biyu za su kwana a kan ruɓaɓɓen itace. Wallahi ina jin nauyin faɗa, amma shiru ya yi. Ya ce wa ransa ƙila ƙasar ta riga ta zauna. Ranar da aka haƙa tushe ma ya je, ya ɗaga hannu ya sa wa gidan albarka.

Suka tare. Tun daga nan, duk ranar da aka yi ruwa sai ya je gidan, ya riƙa zagayawa yana shafa bango. 'Yar tana tsokanarsa, wai tun da ya samu jikoki ya manta hanyar gidansa. Ya rame, abinci ba ya shiga, matarsa ta yi ta kai shi asibiti ana cewa ba a ga komai ba.

A damina ta biyu aka kwana uku ana ruwa. Da safe ya je ya tarar da surukin ya kira kafinta, wai ƙofar ɗaki ta kumbura ta ƙi rufuwa, a feƙe ta. 'Yar kuma tana wanke tsakar gida tana mita, ruwa ya ƙi bin magudana, sai komawa yake bakin ɗakin baya. Wanda ya shekara ashirin yana haƙa ba ya bukatar a yi masa bayani. Ba ƙofa ce ta kumbura ba, gidan ne ya fara karkata.

Gama-da-wuri ya daka tsawa, "Ku fito! Ɗauko yaran nan, ku fito yanzu!"

Surukin ya ce, "Baba, lafiya? Ƙofa ce fa kawai."

Ya ga ba za su motsa ba sai da dalili. A nan kan titi, gaban kafinta da maƙwabta, ya faɗi komai: ruwan, kututturan, da gwiwar dattijo. Ba wanda ya sake komawa ciki, ko keken ɗinkin ba a ɗauko ba. Kafin azahar suka ji ƙara, ɗakin baya ya nutse har taga, ɗakin da yaran ke kwana.

'Yar ta rungume yaranta tana shafa kawunansu, ta sake shafawa, tana ta alhamdu lillahi. Ni ma da labarin ya zo mini nan, sai da na sauke ajiyar zuciya. Ba wanda ya samu ko ƙwarzane. Can ta juyo ta dubi ubanta ta ce, "Baba, ranar da ka zo ka yi mana addu'a a kan tushe, ka sani?"

Ya ce, "Na sani."

Ta kama hannun yaranta suka tafi.

Abin da ya guda duk ya same shi. Aka ƙwace izini, aka sayar da katafila aka sake wa tela matsuguni, abokan sana'a suka daina zama kusa da shi. Hukuma ta dakatar da gini a sauran filayen tsakiya kafin wani ya aza bulo, aka buɗe ramin aka cike shi hawa-hawa, shi ma yana cikin masu riƙe shebur. 'Yar ta yi wata huɗu ba ta taka gidansa ba, daga baya ta zo da yaran suka gaishe shi. Ya gaya wa matarsa cewa duk da wannan tonon asiri, bai taɓa jin sauƙi a ƙirjinsa kamar yanzu ba.

Ya 'yan uwa, ha'inci a aiki zunubi ne ko da takarda ta wanke ka. Dokar da aka kafa don kare rayukan mutane amana ce, kuma ba don idon mai dubawa ake cika ta ba. Kai magini, kai mai gyaran birki, kai mai haɗa wayar wuta, ka san wa zai kwana a ƙarƙashin aikinka? Wannan bawan Allah an yi masa sassauci, ya rasa dukiya da mutunci amma bai ɗauki gawa ba. Ba kowa ake ba wa wannan safiya ba. Wanda ya san ya rufe wani abu a aikinsa, ya je ya faɗa yau, tun mutane suna iya fitowa da ƙafafunsu.

Allah ya kiyaye mu da aikin da za mu ji tsoron 'ya'yanmu su dogara da shi, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Amin.