Farantin da Bai Sha Wuta Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikalle.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Surukar Gizo ce ta aiko cewa tana tafe, kuma in ta sake tarar da 'yarta Ƙoƙi tana cin tuwo a fasasshiyar ƙwarya, da ita za ta koma. Gizo ya ce a faɗa mata shi yanzu maginin faranti ne.

Sai ya ruga rumfar Zanzaro, mai gina farantan yumɓu. Ya tarar ana ta ado. Zabuwa tana ɗiga farar ƙasa da baki, Ƙadangare yana jan layi da wutsiya, Kaza tana taka gefe tana barin sawu. Wani faranti ya yi kyau har Gizo ya haɗiye yawu.

Kun san Gizo da tsamin baki. Ya ce, "Yanjayo, ba ni wancan."

Zanzaro ya ce, "Bai sha wuta ba."

Gizo ya zaga bayan rumfa ya dawo. "Ya sha?"

Zabuwa ta ce, "Ka ga hayaƙi ne, uban gaggawa?"

Ya sake zagawa ya dawo. "To yanzu fa?"

Ƙadangare ya gyaɗa kai, don shi kullum gyaɗa kai yake yi, ko an ce masa gidansu ya rushe. Gizo ya ce, "Ayhamduyiyyahi." Suna juya baya ya sunkuci faranti, ƙafa takwas sai gida.

Ƙoƙi ta ƙwanƙwasa shi, ta ji shiru. Ta ce, "Maigida, wannan ɗanye ne."

Ya ce, "Wuta suka ce yana so. Miyarki ba daga wuta za ta fito ba? Zuba ya sha."

Suruka ta iso, aka kai mata tuwo da miyar kuka tana tururi. Ta ɗora farantin a cinya tana yaba zane.

Loma ta farko ta ce, "Miyar nan da kauri."

Ta biyu ta ce, "Dawar bana da tsakuwa."

Ta uku, hannunta ya zarce ya fito ta ƙasa. Miya ta bi zanen jikinta, faranti ya zama kunu. Ta dubi Gizo ta ce, "Ɗana, a gidanku har kwanon ake ci?"

Gizo ya ce, "Sabon yayi ne, Inna. Ba wanke-wanke."

Ta ce, "Madalla. Ƙoƙi, ɗauko mayafinki, tunda ba aikin da za ki yi a nan."

Suka tafi. Gizo ya koma rumfar Zanzaro yana taka yumɓu da ƙafafu takwas, yana roƙon gasasshe, Ƙadangare yana ta gyaɗa masa kai.

To kun ji. Kome kyan abu, in mai shi ya ce bai gamu ba, ku jira.

Ƙurunƙus kan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.