Inna Zaituna a Bakin Ƙofar Zaure

Sahadatou ɗaliba ce mai kaifin basira a wata jami'a a birnin Lyon na ƙasar Faransa, inda take bincike a kan tatsuniyoyin Girkawan dā. Aibinta ɗaya: tana jin kunyar inda ta fito.

Mahaifiyarta ta rasu tana jaririya, mahaifinta kuwa falke ne, kullum yana hanya. Wata bazawara 'yar Damagaram, Inna Zaituna, ita ta goya ta a unguwar La Courneuve da ke gefen Paris, ta yaye ta, ta riƙa raka ta makaranta cikin sanyi. Da Sahadatou ta koma Lyon sai ta rage kiranta. Ranar kare kundinta na dakta ta gayyaci abokai, ta bar Inna, don tsohuwar ba ta jin Faransanci.

Kundin kuwa a kan wata mai reno ne a tatsuniyar Girkawa, wadda ta tsare amanar ɗan da ta rena har tsufanta. Sahadatou ta yi bayani mai daɗi, malamai suka yaba, aka tabbatar mata da digiri.

Ana cikin tafi mijinta Maazou ya raɗa mata: "Fito ki ga baƙuwa."

A kan benci ta tarar da Inna, riƙe da kwanon dambu a ɗaure cikin ɗankwali. A bakin maƙwabta tsohuwar ta ji labari, ta hau jirgin ƙasa daga Paris ita kaɗai, tana nuna wa mutane sunan jami'ar a wayarta har ta iso.

"Inna, me ya hana ki shiga?"

"Ba a kira ni ciki ba, ɗiyata. Amma na san ko karyawa ba ki yi ba. Haka kike tun kina ƙarama in za ki yi jarrabawa."

Sahadatou ta durƙusa, hawaye na zuba. Ta kama hannunta ta kai ta gaban malaman.

"Ga wadda ta rene ni," in ji ta.

Shugaban malaman ya miƙe ya ba Inna kujerarsa. Aka buɗe dambu, Turawa suka ci suna neman ƙari, Inna na dariya tana tambayar ko yajin bai yi musu yawa ba. Bayan salla ta tare a gidan su Sahadatou a unguwar La Guillotière ta Lyon.

Darasi: kada ilimi ko matsayi su sa ka ɓoye wanda ya ɗauki wahalarka kana ƙarami. Yabon amana a baki abu ne mai sauƙi. Ka girmama mai amanar da ke gidanku tun yana raye.