Ciwon Haƙorin Da Ya Ci Hanta

Akwai wani kafinta da abokan aikinsa suke kira Gagarau, saboda tun tasowarsa ba wanda ya taɓa ganinsa a gadon asibiti. In wani ya ce zai je ganin likita, sai ya yi dariya ya ce, "Ku dai jikin auduga gare ku."

Wata rana haƙorinsa na can ciki ya fara ciwo. A lokacin kuwa ya karɓi aikin kujerun wata makaranta, masu aikin suna ta kiransa a waya.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ka je a cire haƙorin nan ka huta."

Ya ce, "Bari in sallami mutane tukuna. Miƙo min farasitamol."

Ta ɓallo masa biyu, ta kawo ruwa. Ciwon ya lafa, ya tafi shago. Kafin azahar ciwon ya dawo sabo, sai ya ƙara sha. A hankali biyu ta zama uku, uku ta zama huɗu. Katin maganin ya koma zama a aljihunsa tare da fensir da ƙusoshi. Da ya ji zugi sai ya ajiye zarto, ya watsa ƙwayoyi a baki, ya ci gaba da aiki. Sau da yawa ko karyawa bai yi ba.

Ana cikin haka mura ta kama shi. Ya biya kemis ya sayi maganin mura, ya ce a haɗo masa da wani katin farasitamol.

Mai kemis ya ce, "Malam, ba jiya ka sayi kati biyu ba? Kuma wannan na murar ma akwai farasitamol a cikinsa. Kada ka haɗa su."

Gagarau ya ce, "Kai dai sayarwa ce taka. Maganin da ake ba jarirai ne zai kayar da ni?"

Ya haɗa ya sha.

Ba a jima ba ya fara tashin zuciya da amai, ga wani ciwo a ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Matar ta ɗauka rashin cin abinci ne. Ganin yadda yake murƙususu, tausayi ya kama ta, ta sake ɓallo masa maganin ko zai sami sauƙi.

'Yarsu ta fari, wadda ke shirin gama sakandare, ita ta fara lura. Ta ce, "Umma, dubi idon Baba. Ya zama rawaya."

Da matar ta matso, ya ƙura mata ido kamar baƙuwa, ya tambaye ta wa take nema. Nan take ta kira yayansa a waya, suka ɗauke shi sai asibiti.

Bayan an gwada jini, likita ta kira su gefe ta tambayi abin da yake sha. Matar ta zazzage aljihun rigar aikinsa. Katunan da babu komai a cikinsu suka zubo a kan tebur.

Likitar ta duba katunan, sannan ta ce, "Maganin nan lafiya lau ne in an sha shi bisa ƙa'ida. Amma hanta ce ke tace shi, kuma in ya yi mata yawa sai ya zama guba. Akwai abin da muke sawa ya kare ta, mun ma sa masa. Da dai kun zo da wuri."

Yayan ya ce, "To yanzu me ya rage, likita? Ko me ake buƙata za mu nemo."

"Hantar ta lalace sosai. Abin da ya rage shi ne dashen wata hantar, kuma ba ma yin sa a nan. A halin da yake ciki ma ba zai jure tafiya ba."

Matar ta dafa bango ta ce, "Da hannuna nake ba shi, likita."

Likitar ta riƙe ta, ta ce, "Ba ki sani ba ne."

Suka koma bakin gadon suka zauna. Yayan ya kira duk wanda ya sani, kowa sai ya ce Allah ya ba shi lafiya. Cikin Gagarau ya kumbura, barcinsa ya yi ta ƙara nauyi. Matar ba ta da abin yi sai jiƙa auduga tana shafa masa a leɓe.

'Yar ta matso kusa da ita, ta ce a hankali, "Umma, an ce ana yankar hantar mutum a ba wani. Ki ce su ɗauki tawa."

Uwar ta jawo ta jikinta.

Washegari da hantsi Gagarau ya cika, suna riƙe da hannunsa.

Darasi: Maganin ciwo yana danne zafi ne kawai, ba ya cire abin da ya jawo shi. Kada ka wuce adadin da aka rubuta, kada ka haɗa magunguna ba tare da tambayar likita ko masanin magani ba. In ciwo ya ƙi tafiya, ko ka san ka sha fiye da kima, ka garzaya asibiti ko da kana jin garau. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san ba ya rabuwa da kati a aljihu, tun yana iya karantawa da kansa.