Tunkiyar Inna Atu da Ledar Alawa

Hamdiya mace ce mai hannu. Duk abin da ta kalla sau ɗaya, to ta iya shi. Sai dai tana da hali biyu da suka yi mata cikas: ƙyuyar ƙaramin aiki, da kuma ƙin amsa laifi. Tun tana gidansu a Tambuwal an san ta da haka. In kwano ya fashe, kaza ce ta ture. In miya ta kama, itacen ne bai da kyau.

A can Tambuwal ta koyi sana'ar ledar alawa wurin wata maƙwabciyarsu, Anti Lubna. Ledar da ake yarwa in an sha alawa ko minti ita ake tarawa, a yanke ta daidai, a ninke, a sarƙafa wannan cikin wannan har ta zama doguwar sarƙa, sannan a ɗinke da zare mai ƙarfi. Da ita ake yin faifan ado na bango, da kwandon fure, da zagayen madubi. Anti Lubna ba ta da faɗa, amma akwai abu biyu da ba ta ɗaga ƙafa a kansu. Dole a wanke leda da omo a shanya kafin a taɓa ta da almakashi, kuma dole a kwashe guntayen a zuba cikin buhu a ɗaure baki.

"Ledag ga zaƙi gare ta," in ji Anti Lubna. "Bisa ba ta san leda ba, zaƙi kawai tas sani. Ki kiyaye."

Aure ya kai Hamdiya Kebbe, gidan Ubaidullah, manomi ne da ke taɓa kabu-kabu da babur in an gama aikin gona. Gida ɗaya suke da mahaifiyarsa, Inna Atu, tsohuwa mai sanyin hali wadda ta riƙe Hamdiya kamar ita ta haife ta. Inna Atu tana da tunkiya guda, 'yar uda, gabanta baƙi bayanta fari. Ba don kiwo kawai take son ta ba. Tunkiyar ta autarta ce Humaira, wadda zazzaɓi ya ɗauke shekara biyu da suka wuce. Humaira ce ta rene ta tun tana ƙarama, don haka Inna ba ta kiranta da komai sai Ta Humaira. Ita ke jiƙa mata dusa da hannunta, ita ke zaɓar mata harawa. A wannan shekarar tunkiyar ta ɗauki ciki na fari, Inna kuwa har ƙirga watanni take da yatsu.

Sana'ar Hamdiya ta karɓu a Kebbe. Kowace amarya tana son faifan leda a jerenta, masu tireda kuma suna tara mata ledar suna aiko mata. Da aiki ya yi yawa, sai ƙyuya ta motsa. Wanke leda sai an ja ruwa a rijiya, sai an tsaya an murza ɗaya bayan ɗaya, sai an jira ta bushe. Hamdiya ta ce a ranta, abin da za a rataye a bango, wa zai je ya lasa? Ta daina wanki. Guntaye kuma sai ta ture su gindin darbejiya da ƙafa, ta ce sai anjima. Anjiman nan ba ta taɓa zuwa ba.

Wata rana da hantsi Inna ta tafi barkar haihuwa maƙwabta, ta kwance tunkiya don ta ɗan miƙe ƙafa a tsakar gida. Hamdiya ta bar tiren leda a gindin darbejiya, ta shiga ɗaki ta kishingiɗa tana hira a waya. Da ta fito sai ta tarar da Ta Humaira ta kafa kai cikin tire, rabin ledar babu. Ta fizgo ɗaya daga bakin tunkiyar, ta kore ta, ta ɗauko tsintsiya ta share gidan tas, irin sharar da ba ta taɓa yi ba tun zuwanta. Da Inna ta dawo har yaba mata ta yi.

Bayan kamar mako biyu tunkiya ta daina tuƙa. Ta shinshina dusa ta kau da kai. Cikinta ya yi tauri ta gefe ɗaya, ƙugunta ya fara fitowa. Inna ta jiƙa mata kanwa, ba ta ga sauyi ba. Ubaidullah ya hau babur ya ɗauko Malam Dikko, malamin dabbobi. Ya durƙusa ya daddanna cikin, ya buɗe idonta ya duba, sannan ya ɗago kai.

"Inna, mi tac ci kwanan ga?"

"Abin da nika ba ta kullum na, dussa da harawa. Ko waje ba ni barin ta hita."

"To ina tambaya, ko akwai leda gidan ga inda taka iya kaiwa? In tsutsa ta, allura na isa. In kuwa leda ta, allura ba ta yin komi, sai an kai ta asibitin bisashe an yi mata aiki, kuma da wuri."

Ubaidullah ya waiwayi matarsa, wadda ke tsaye bakin ƙofar ɗaki. "Ke, ledag ga taki hwa?"

Kalma uku ko huɗu kawai ake nema a bakin Hamdiya a wannan lokaci. Ta dubi mijinta, ta dubi baƙo, kunya ta rufe ta. Ta ce, "Ni cikin buhu nika aje ledata. Ban taɓa ganin ta kusa ba."

"Ɗiyag ga tawa ba ta da ƙazanta," in ji Inna. "Duba gidan ka gani."

Malam Dikko ya duba tsakar gida, ya gan ta fes. Ya yi wa tunkiya allura, ya ba da maganin tsutsa, ya tafi.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Hamdiya nauyi. Inna ta mayar da tabarmarta kusa da turke, tana zaune tana kore wa tunkiya ƙuda, tana yi mata magana a hankali kamar mutum. Wani lokacin sai a ga tana share ido da bakin zane. Sau biyu Hamdiya ta fito da niyyar faɗa. Na farkon ta tarar da maƙwabta sun zo dubiya, ta koma. Na biyun ta kawo wa Inna fura, ta durƙusa, ta buɗe baki ke nan sai Inna ta dafa kanta.

"Allah shi yi maki albarka, ɗiyata. Ke aka ba ni madadin Humaira."

Maganar ta ƙone ta har cikin rai, amma maimakon ta buɗe mata baki sai ta ƙara rufe shi. Kullum sai ta ce wa kanta ƙila gobe ledar ta fita da kanta. Haka aka kwashe kwana ashirin.

Ran nan da safe tunkiya ta kasa tashi. Malam Dikko ya zo, ya girgiza kai, ya ce ko an ɗora ta a mota ba za ta kai ba, gara a yanka kafin ta zama mushe. Inna ta shige ɗaki don kada ta gani. Aka kira Bube mahauci. Ya yanka, ya feɗe, ya fitar da 'ya'ya biyu da ba su ƙarasa ba, ya ajiye gefe ya rufe da ganye. Da ya tsaga tumbi sai wuƙarsa ta tsaya. Ya sa hannu ya zaro wani dunƙule kamar ƙwaryar fura, ya watsa masa ruwa. Ja, da shuɗi, da ruwan gwal suka bayyana, har da waɗanda aka riga aka yanke daidai da almakashi.

"Subhanallahi," in ji Malam Dikko. "Da an hwaɗi tun ranar, da yanzu tana tsaye."

Inna ta ji, ta fito. Ta daɗe tana kallon dunƙulen, sannan ta ɗaga ganyen ta ga abin da ke ƙasa. Hamdiya ta zube gabanta tana kuka.

"Inna, na gane ta tana ci. Kunya ta hana ni hwaɗi. Ki yahe mani."

Inna ba ta ɗaga murya ba. "Cin leda ba komi na ba, tsautsayi na, yana iya samun kowa. Amma kina tsaye sadda Dikko yat tambaya. Kwana ashirin ina zaune gabanki ina kuka, kina kawo mani hura, ina sa maki albarka." Sannan ta ce, "Na yahe maki, don Allah ya ce a yahe."

Ta yafe ɗin kuwa. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta kuma bari Ubaidullah ya yi faɗa ba. Aka raba naman wa maƙwabta, ita ko romo ba ta sha ba. Suna gaisawa da Hamdiya kullum, suna ci a tukunya ɗaya. Amma daga ranar, Inna Atu ba ta sake ce mata ɗiyata ba. Matar Ubaidullah take ce mata.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙaramin aikin da mutum ya rena yana iya janyo babbar asara, kuma sau da yawa a kan wani take faɗawa. Amma ɓoye kuskure ya fi kuskuren muni. Ranar da aka tambayi Hamdiya akwai sauran dama, ta sayar da ita don gudun kunyar minti ɗaya. In ka yi ɓarna, ka faɗa tun ana iya gyarawa. Ana samun gafara ko bayan lokaci ya ƙure, amma yarda in ta tafi da wuya ta dawo yadda take.