Kududdufin Ƙofar Gidan Jatau

Wata rana ciyaman na ƙaramar hukuma ya sa aka kira Jatau mai gyaran keke.

"An auna gidanka har da kududdufin ƙofarka. Ka biya harajin duka kafin Juma'a, ko mu garƙame gidan."

Jatau ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, kududdufin nawa ne ke nan?"

"Naka ne, halak malak."

"Madalla! Kwatar gidanka a cikinsa take zuba. Yau zan toshe ta, ruwan ya koma wa mai shi."

Ciyaman ya zabura. "Kai! Wannan ai magudanar hukuma ce!"

"Ashe ta hukuma ce? To, a yashe mana ita. Ai don haka muka biya harajin bara."

Kafin Juma'a sai ga leburori da shebur.